Harsashi mai kwanson ƙarfe a ƙauyukan Sinnar da Jazira: wa ke riƙe da lissafinsa?

Tun daga ranar 15 ga Afrilun 2023 da yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF, waɗanda 'yan ƙasar ke kira Da'am Sari', bindiga ta shiga gidajen da a da lauje da fatsa da koma kawai suka sani. Garin Abu Hujar na jihar Sinnar, wanda ke kan hanyar da ta taso daga Sinja ta nufi Damazin, yana tsakiyar yankin da wannan canji ya shafa. A gaɓar kogin Nil Azraƙ, wanda kafafen labarai ke kira Blue Nile, akwai ƙauyukan Hausawa da suka daɗe suna noman dawa da riɗi, suna lambu a bakin ruwa, suna kamun kifi. Tarihin zamansu ya haura shekara ɗari, tun lokacin da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya da Turawa suka kashe a Burmi a 1903, ya kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar a 1906.

Duk lokacin da aka tashi maganar makamai a hannun farar hula, bindiga ake ƙirgawa. Ba kasafai ake tambayar harsashi ba, alhali shi ne abincinta. Kalashinkof kan yi shekara arba'in yana aiki idan ana goge shi, amma harsashi sau ɗaya ake harba shi, sai an sake nemo wani. Saboda haka wanda ke ba da harsashi, kuma yake riƙe da littafin da ake rubuta shi, shi ne ke da iko a kan bindigar, ko da tana rataye a ɗakin wani. Wannan sharhi ya duba nau'in harsashin da ya fi arha, wato mai kwanson baƙin ƙarfe, da yadda ake amfani da shi wajen koyon harbi, musamman da ƙaramar bindiga, da kuma abin da hakan ke nufi ga al'ummar da ba ta da rinjaye a inda take zaune.

Yadda makami ya iso ƙauye

A ranar 27 ga Yunin 2023, jajibirin Babbar Sallah, shugaban sojojin Sudan Janar Abdul Fattah al-Burhan ya yi kira ga matasa da duk mai iya ɗaukar makami da su je barikin soja mafi kusa. Daga nan ne kalmar mustanfarin, wato 'yan sa-kan da aka yi wa gayya, ta shiga bakin kowa. Kiran bai kankama sosai a yankin tsakiya ba sai da Wad Madani, babban birnin Jazira, ya faɗa hannun RSF a watan Disamban 2023. Tsoro ya kama garuruwan da suka rage, aka buɗe sansanonin horo a jihohi da dama da sunan gwagwarmayar jama'a, muƙawama sha'abiyya.

Sinja ta faɗi a ranar 29 ga Yunin 2024. A cikin kwanaki kaɗan hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka ce sama da mutum 130,000 sun bar gidajensu a jihar Sinnar, kuma mutanen ƙaramar hukumar Abu Hujar na cikin waɗanda suka watse, wasu suka nufi Gadarif, wasu suka yi kudu zuwa Damazin. Sojoji sun ƙwato Jabal Moya a farkon Oktoba, suka koma Sinja a ranar 23 ga Nuwamba, sannan Wad Madani a ranar 11 ga Janairun 2025. Mutane sun fara komawa gonakinsu, sai dai makaman da aka raba da waɗanda aka tsinta da waɗanda aka saya suna nan tare da su.

Dama ƙasar ba ta rasa bindigogi ba. Cibiyar Small Arms Survey da ke Geneva ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindigogi kusan miliyan 2.8 a hannun farar hula a Sudan. Gwamnati ta ƙaddamar da shirin karɓar makamai a wannan shekarar, kuma a watan Satumban 2020 aka lalata bindigogi 300,000 a Hajar al-Asal da ke jihar Kogin Nilu. Shekara uku ba ta cika ba, hukumar da ta karɓa ita ce ta dawo tana rabawa.

Mene ne harsashi mai kwanson ƙarfe

Harsashi yana da sassa huɗu. Akwai kan da ke fita ya sami abin da aka hara, akwai albarushi, akwai ɗan ƙoƙon da ke gindi wanda allurar bindiga ke bugawa ya kunna wuta, sai kuma kwanson da ya haɗa su duka, wanda masu Faransanci ke kira douille. Bayan harbi, kwanson ne bindiga ke tofarwa ƙasa.

A ƙasashen Yamma yawanci da tagulla ake yin kwanso, wadda haɗin jan ƙarfe ce kashi 70 cikin ɗari da tutiya kashi 30. Tagulla tana da laushi. Idan albarushi ya kama, takan buɗe ta toshe ɗakin harsashi yadda hayaƙi ba zai dawo baya ba, sannan ta ɗan tsuke a ciro ta cikin sauƙi. Ba ta tsatsa, kuma ana iya sake ɗura ta sau da yawa. Aibinta tsada, domin tan ɗaya na jan ƙarfe ya ninka tan ɗaya na baƙin ƙarfe fiye da sau goma a kasuwar duniya.

Yaƙi ne ya haifi kwanson ƙarfe. A Yaƙin Duniya na Biyu Jamus ta koma gare shi saboda ƙarancin jan ƙarfe, Amurka ma ta yi harsasan ƙananan bindigogi masu irin wannan kwanso a masana'antar Evansville a 1943. Bayan yaƙin ƙasashen Yamma suka koma ga tagulla, Tarayyar Sobiyat da Sin kuwa suka zauna a kan ƙarfe. Harsashin Kalashinkof, mai lamba 7.62x39, an yi shi da kwanso mai tsukewa daga gindi zuwa wuya, abin da ke sauƙaƙa ciro shi ko da na ƙarfe ne. Haka harsasan ƙananan bindigogin Tokarev da Makarov, da irin Tokarev ɗin da Sin ke ƙerawa, galibi da ƙarfe ake yin kwansonsu. Don kada ya yi tsatsa, akan shafe shi da wani irin fenti kore ko ruwan toka, ko a yi masa wankan jan ƙarfe kamar yadda masana'antun Sin ke yi. Wannan wankan kan sa wanda bai sani ba ya ɗauka tagulla ce, sai an kara maganaɗisu a ga ya manne.

Sudan tana da nata tarihin a wannan fanni. An kafa masana'antar harsashi ta Shajara a kudancin Khartum wajajen 1960 da taimakon kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma, daga baya aka saka ta ƙarƙashin hukumar masana'antun soja da aka kafa a 1993. Masu bin diddigin makamai sun sha tsintar harsasan Sudan a Sudan ta Kudu da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da Côte d'Ivoire, kamar yadda suka sha tsintar na Sin a Darfur. Abin da ke ba su damar ganewa shi ne tambarin da ke gindin kwanso, inda akan buga lambar masana'anta da shekarar ƙira.

Shin yana lalata bindiga?

A Amurka da Turai, inda ake da filayen koyon harbi masu lasisi, wannan ita ce tambayar da masu bindiga suka daɗe suna gardama a kai. Ƙwarewa da ƙaramar bindiga tana cin harsasai ɗaruruwa, kuma hannu yakan manta idan aka daɗe ba a taɓa ba. Don haka mai koyo yakan nemi mafi arha, kuma shekara da shekaru mafi arha su ne na Rasha irin su Tula da Barnaul da Wolf, har zuwa watan Agustan 2021 da Amurka ta sanar da hana shigo da harsasan Rasha a cikin takunkumin da ta ɗora saboda gubar da aka sa wa Alexei Navalny.

Abin da gwaji ya nuna bai kai yadda ake zuzutawa ba. Ƙarfen da ake kwanso da shi ya fi na jikin bindiga laushi. Gaskiya ne ba ya toshe ɗakin harsashi kamar tagulla, don haka baƙin hayaƙi ya fi taruwa, bindiga ta fi saurin datti, wani lokaci kwanso ya maƙale. A 2013 wani kamfanin sayar da harsashi a Amurka mai suna Lucky Gunner ya wallafa gwajin da ya yi da dogayen bindigogi huɗu, kowacce aka ware mata harsashi 10,000. Wadda aka ciyar da mai tagulla ba ta tuƙe ko sau ɗaya ba. Waɗanda aka ciyar da na Rasha sun tuƙe nan da can, kuma bututun wasunsu ya cinye wajen harbi na 6,000. Amma laifin cinyewar na kan harsashin ne, wanda a na Rasha ake lulluɓe shi da ƙarfe mai wankan jan ƙarfe. A ƙaramar bindiga, inda gudun harsashi bai kai rabin na doguwa ba, cinyewar ta fi tafiya a hankali. Hukuncin da yawancin masu horarwa suka yanke shi ne, na ƙarfe ya isa a yi atisaye da shi in dai za a riƙa wanke bindiga.

Wannan hukunci ya dogara ne a kan sabon harsashi da ya fito daga kanti, aka adana shi a busasshen wuri. Wanda ke yawo a yankin yaƙi wani abu ne dabam. Da yawansa tsohon kayan soja ne, kuma tsofaffin harsasan Gabashin Turai da Sin suna da ɗan ƙoƙon kunna wuta mai barin gishiri a cikin bututu. Gishirin yana jan laima, a cikin 'yan kwanaki tsatsa ta kama. A Sinnar damina na kaiwa daga Yuni zuwa Oktoba, kuma wanda ya ɓoye harsashi a rami ko a ƙasan rumbu ya ba tsatsa abin da take so. Zafin ɗakin kwano a bazara shi ma yana lalata albarushi. Lalataccen harsashi yakan ƙi tashi, ko ya yi jinkiri ya tashi bayan mai harbi ya sauke hannu yana duba bakin bindiga, ko ya tashi da rauni kansa ya tsaya a cikin bututu, na biye da shi ya fasa bindigar. Kan harsashi mai lulluɓin ƙarfe kuma yana tartsatsi idan ya daki dutse, dalilin da ya sa filayen harbi da yawa a Amurka suka hana shi. A lokacin kaka, tsakanin karan dawa da busasshiyar ciyawa, tartsatsi ɗaya na iya cinye noman shekara. Masu iya magana sun ce arha ba ta ado.

Tabanja ba ta tsare gari

Ƙaramar bindiga, wadda 'yan Sudan ke kira tabanja, tana da matsayi na musamman a wannan lissafi. A rahoton da ƙungiyar Amnesty International ta fitar a watan Yulin 2024 kan makaman da ke kwarara cikin Sudan, ta ce bayanan kasuwanci sun nuna kamfanonin Turkiyya sun aika da dubban ɗaruruwan bindigogin ƙara, waɗanda asalinsu sauti kawai suke yi, tare da miliyoyin harsasansu, kuma ƙungiyar na ganin ana mayar da su masu kisa a cikin ƙasar. Irin waɗannan ba a ƙera su don ɗaukar ƙarfin harsashi na gaske ba, jikinsu haɗin tutiya ne mai rauni, don haka sukan tarwatse a hannun mai su.

Ko ta gaskiyar ce, ƙaramar bindiga ba makamin tsaron gari ba ce. Ƙwararre ne ke iya samun abin da ya hara da ita a tazarar mita 25 zuwa 50, alhali Kalashinkof na kaiwa mita 300, manyan bindigogin da ake girkawa a bayan motocin yaƙi kuwa sun wuce kilomita ɗaya. Ƙauyen da motoci goma suka zagaye ba zai tsira da tabanja ba. Inda take aiki shi ne inda mutane ke kusa da juna: gardamar iyakar gona, rikicin manomi da makiyayi a kan burtali, faɗan kasuwa, bikin aure inda ake harbi sama don murna, da cikin gida inda yaro kan iya ɗauko ta daga ƙarƙashin katifa. Tana shiga aljihun jallabiya ba wanda ya gani. Idan harsashinta ya yi arha ya kuma yawaita, gardamar da a da ke ƙarewa da sanda da zaman sulhu a gaban dattawa sai ta ƙare da gawa da diyya.

Dole a yi wa masu neman makami adalci, domin tsoronsu yana da tushe. A ranar 5 ga Yunin 2024 dakarun RSF sun kai hari ƙauyen Wad al-Nura na Jazira, inda aka kashe sama da mutum 100. A ƙarshen Oktoban wannan shekarar, bayan Abu Aƙla Kaikal ya bar RSF ya koma ɓangaren soja, an kai hare-haren ramuwa kan ƙauyukan gabashin Jazira, aka kashe sama da mutum 120 a Sariha kaɗai. Wanda ya ga haka ba za a ce masa ya naɗe hannu ba. Sai dai a Wad al-Nura hujjar da RSF ta bayar ita ce wai sansanonin soja da na mustanfarin ta kai wa hari. 'Yan bindigogin da ke ƙauye ba su hana kisa ba, kuma maganar kasancewarsu ta zama abin fakewa ga maharan.

Filin horo, ƙofar da harsashi ke zurarewa

Bindiga tana da lamba, idan ta ɓace akan lura. Harsashi kuwa an yi shi ne don ya ƙare, shi ya sa ya fi sauƙin sacewa. Idan aka ba mai horarwa harsashi dubu ya dawo ya ce an harbe su duka, babu abin da zai ƙaryata shi sai kwanso. Saboda haka rundunonin soja masu tsari suke tilasta a tsince kwanson bayan atisaye a mayar da su ma'ajiya, a ƙirga ko a auna, a gwada da abin da aka fitar. Kwanson tagulla yana da kuɗi, ko ba a ce ba za a tsince shi. Na ƙarfe ba shi da wata daraja, akan bar shi a ƙasa ya yi tsatsa, tambarin gindinsa ya goge, shaida ta tafi.

Ƙasar Kenya ta ga sakamakon wannan sakaci. A 2008 Small Arms Survey ta wallafa binciken James Bevan kan yankin Turkana, wanda ya nuna cewa harsasan da gwamnati ke ba 'yan sandan sa-kai na karkara don kare al'umma suna zurarewa zuwa hannun makiyaya masu ɗauke da makamai, har ana amfani da su wajen satar shanu da fashi a kan hanya. Gwamnati ce ke ciyar da rikicin da take ƙoƙarin kashewa.

Brazil ta nuna ɗaya gefen. Dokar ƙasar ta tilasta a buga lambar rukuni a jikin kwanson duk harsashin da aka sayar wa jami'an tsaro. Lokacin da aka kashe 'yar majalisar birnin Rio de Janeiro, Marielle Franco, a watan Maris na 2018, kwanson harsasai masu faɗin milimita 9 da aka tsinta a wurin sun nuna rukunin UZZ-18, wanda aka sayar wa 'yan sandan tarayya a 2006. Lambar ba ta hana kisan ba, amma ta nuna cewa harsasan daga rumbun hukuma suka zurare. A Disamban 2023 babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da wani tsari na duniya kan kula da harsasai tun daga ƙira har zuwa harbawa ko lalatawa, sai dai tsarin alƙawarin siyasa ne, ba ya tilasta wa kowa. Takunkumin makamai na Kwamitin Sulhu a kan Sudan kuma, wanda ya samo asali daga ƙudurori na 2004 da 2005, Darfur kawai ya shafa. Sinnar da Jazira da Nil Azraƙ ba sa ciki.

Me ya sa abin ya fi shafar Hausawa

Hausawan wannan yanki sun ɗanɗani bindigar maƙwabci tun kafin babban yaƙin. A watan Yulin 2022 rikici ya tashi a jihar Nil Azraƙ tsakaninsu da wasu ƙabilun yankin, bayan an ƙi amincewa da buƙatarsu ta samun masarauta a cikin tsarin mulkin gargajiya, abin da ke da alaƙa kai tsaye da mallakar ƙasa. An yi kashe-kashe a Rusairis da Ganis da kewaye, Hausawa suka yi zanga-zanga a Khartum da Kasala da wasu birane. A watan Oktoba wutar ta sake tashi a Wad al-Mahi, inda aka kashe kusan mutum 200 a cikin kwana biyu. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce daga Yuli zuwa Oktoba an kashe sama da mutum 350, wasu fiye da 97,000 suka rasa matsuguni. Da yawa daga cikin waɗanda suka gudu jihohin Sinnar da Jazira da Farin Nilu suka nufa. An sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a Damazin a watan Janairun 2023, bayan wata uku babban yaƙi ya rufe maganar ba tare da an warware batun ƙasa ba.

Abin da ya faru a Jazira bayan komawar sojoji ya ƙara fito da haɗarin. A can akwai kanabi, wato unguwannin leburorin gona da kakanninsu suka zo daga Darfur da Kordofan da Chadi da Afirka ta Yamma don aikin auduga bayan buɗe madatsar Sinnar a 1925, kuma har yau yawancinsu ba su mallaki ƙasar da suke zaune a kai ba. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ce a ranar 10 ga Janairun 2025 mayaƙan Dir'u Sudan na Kaikal sun kai hari Kambo Tayba suka kashe aƙalla mutum 26. Rundunar soja ta kira abin da ya faru laifin ɗaiɗaikun mutane, ta kuma ce ta kafa kwamitin bincike. A jihohin da soja ke riƙe da su kuma an sha kama mutane bisa abin da jama'a suka sa wa suna dokar baƙuwar fuska, inda kamanni ko ƙabila kan isa a zargi mutum da haɗa baki da abokan gaba.

A irin wannan yanayi, makamin da ba shi da takarda tarko ne ga ɗan tsiraru. Harsashi goma da aka samu a ɗakin wani mai dangi a cikin hukuma za a ce na tsaron gida ne. Goman nan idan aka same su a ɗakin masunci Bahaushe ko leburan kambo suna iya zama shaidar cewa shi ɗan leƙen asiri ne. Dokar makamai da harsasai ta Sudan ta 1986 tana nan ba a soke ta ba, kuma ranar da gwamnati ta sake kiran a miƙa makamai, kamar yadda ta yi a 2017, bincike gida-gida ya fi saurin farawa daga unguwar marasa gata. Tseren tara makami kuma ba wanda ƙaramar al'umma za ta ci ba ne, domin duk abin da ta tara, mai rinjaye yana da hanyar tara ninkinsa.

Darasi ga sauran ƙasashe

Mai karatu a Maraɗi ko Garwa ko Anjamena ko Kumasi kada ya ɗauka labarin nesa ne. A Janairun 2020 Burkina Faso ta yi dokar 'yan sa-kai na VDP, da horon mako biyu kafin a ba mutum bindiga, kuma tun daga lokacin ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam ke ta kawo rahoton kisan Fulani a hannun wasunsu. A Banibangu ta Nijar, a Nuwamban 2021, an kashe mutum 69 na kwamitin tsaron gari tare da magajin garin a kwanton ɓauna. A Najeriya gwamnatin Zamfara ta shawarci jama'a su nemi lasisin bindiga a Yunin 2022, Katsina ta ƙaddamar da dakarun tsaron al'umma a Oktoban 2023, Zamfara ta bi sahu da Askarawa a Janairun 2024. A ko'ina akan sanar da yawan mutanen da aka ɗauka da motoci da baburan da aka raba. Yawan harsashin da aka fitar da wanda aka dawo da shi ba ya cikin jawabin biki.

Yarjejeniyar ECOWAS, ko CEDEAO, kan ƙananan makamai, wadda aka sa wa hannu a Abuja a 2006 ta fara aiki a 2009, ta haɗa har da harsashi, ta kuma bukaci a sa masa lambar rukuni. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, don haka nauyin ya koma kan hukumomin cikin gida irin su CNCCAI da Nijar ta kafa a 1994. Harsashi kuwa ba ya tambayar iyaka. Abin da ya zurare daga rumbunan Libiya bayan 2011 ya kai har dazukan Zamfara da Katsina, kuma hanyar da ta haɗa Darfur da Chadi da tafkin Chadi a buɗe take.

Abin da ke hannun al'umma

Dattawan Abu Hujar da Mai Wurno da Wad al-Nil ba su da iko a kan masana'antun Sin ko kamfanonin Turkiyya. Suna da iko a kan 'ya'yansu da masallatansu da zaurukan sulhu, kuma a nan akwai abubuwan da za su iya nema. Duk horon da za a yi wa matasan gari ya kasance a ƙarƙashin jami'in da aka san sunansa da rundunarsa. A rubuta sunan wanda ya karɓi bindiga da lambarta da yawan harsashin da aka ba shi, kwafi ɗaya a wurin hukuma, ɗaya a wurin shehun gari ko umda. A tsince kwanso bayan kowane atisaye, na ƙarfe ne ko na tagulla, a ƙirga a gaban shaidu. Harsashi ya kwana a ma'ajiya ɗaya mai makulli, kada ya bi kowa gida. Filin harbi ya yi nesa da gonaki da burtali, da tudun ƙasa a bayan abin da ake hara. Limamai su yi magana a kan harbin biki, iyaye kuma su hana yara tsintar ƙarafan yaƙi don sayar wa 'yan gwangwan, domin a cikinsu akwai waɗanda ba su fashe ba.

Mafi muhimmanci, littafin lissafin ya zama na haɗin gwiwa da maƙwabta, Funj da Hamaj da Berta da Larabawan Rufa'a da Kinana da Fulani makiyaya. Idan kowace ƙabila tana da nata ɓoyayyen rumbu, zato ne zai yi mulki, kowa ya riƙa ninka abin da yake tsammanin ɗan'uwansa ya tara. Idan kowa ya san abin da ke cikin ma'ajiyar gari da wanda ke riƙe da makulli, jita-jita ba ta samun wurin zama. Kudancin Nil Azraƙ har yanzu fagen daga ne, musamman tun bayan ƙawancen da RSF ta ƙulla da ɓangaren SPLM-N na Abdul Aziz al-Hilu a Nairobi a Fabrairun 2025, don haka ba a sa ran a daina horo nan kusa. Ranar da aka sa hannu kan sulhu, kwamitin karɓar makamai zai zo da tambaya guda, nawa aka ba ku, nawa suka rage. Garin da ke da littafi zai buɗe ya nuna. Garin da ba shi da shi kuwa, gida-gida za a bi shi.